Zoben Roba da Ya Tare Mini Mahaifa

Ina da shekara hamsin da uku na daina dariya a aji. Hausa nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kuma duk yarinyar da ta zauna ajina ta san ni da barkwanci. Haihuwata takwas, shida suna raye. Autana ya zo da wuya, kwana biyu na yi ina naƙuda, amma an daɗe da yin wannan, har na manta.

Da ɗigon fitsari abin ya fara. In na yi tari ko atishawa, ko na ƙyalƙyale da dariya, sai in ji ɗumi kaɗan a jikina. Na yayyanka wani tsohon zani mai laushi na koma yin ƙunzugu, ni da al'ada ta ɗauke wa shekara uku. Na rage shan ruwa. Duk wanda ya san zafin Gombe kafin saukar damina ya san abin da wannan ke nufi: in tsaya gaban allo tun safe, maƙogwaro a bushe, kai yana sarawa, gorar ruwa tana cikin jaka ina jin tsoronta. Salla ta fi komai wahala. Sai in yi alwala sau uku kafin in idar da Azahar, don da na sunkuya ruku'u sai in ji abin ya zubo. Na daina zuwa Islamiyyar matan aure da ke layinmu a Hammadu Kafi, saboda a tabarma ɗaya ake zama, kafaɗa da kafaɗa, ni kuwa ko yaushe ji nake kamar ta kusa da ni tana shaƙar zarni.

Wata Asabar na gama wanki na ɗauki bokiti cike da ruwa zan kai banɗaki, sai na ji wani abu ya ja daga ƙuguna ya yi ƙasa. Ban kula ba. Da na tsuguna zan yi tsarki, hannuna ya taɓa wani abu a bakin gabana, mai santsi, girmansa kamar ƙwan kaza. Na fizge hannun. Na daɗe a tsugune ina kallon bango, ruwan buta yana tsiyaya a ƙafata.

Goggo ce ta faɗo mini a rai, ƙanwar mahaifina. Ciwon daji na mahaifa ne ya kashe ta ina amarya. Ta ɓoye shi har sai da wari ya tona ta, kuma ni ce na riƙa wanke mata zannuwa a watanninta na ƙarshe. Tun daga ranar nan ta Asabar na yanke wa kaina hukunci cewa abin da ya ci Goggo ne ya zo kaina.

Wata biyar na yi ban gaya wa kowa ba. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, in na kwanta sai ya koma ciki. Kullum da safe in taɓa in ji babu, in ce Alhamdu lillahi ya tafi. Kafin a tashi tara ya fara nauyi, kafin Azahar ya leƙo. Na koyi zama a gefen kujera da ɗuwawu ɗaya. Na koyi tafiya a hankali, har abokan aikina suna cewa Malama ta fara takun manya. Maigidana, wanda nake kira Malam, tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya, mutum ne mara yawan magana. Na riƙa guje masa da cewa bayana ke ciwo. Ya sayo mini man zafi, ya sayo wani, daga baya ya daina tambaya.

Ranar da asirina ya tonu ina cikin keke mai ƙafa uku ne, na taso daga makaranta zan biya kasuwa. An yi ruwa da safe, hanyar Bolari duk ramuka. Muna uku a baya, ni da wasu 'yan mata biyu suna kallon waya. Mai keken ya faɗa wani rami da ƙarfi, muka yi sama muka dawo, sai na ji komai ya sake. Wannan karon ba ɗigo ba ne. Na ji yana bin cinyata har cikin takalmi. Na ja mayafina na rufe ƙafafuna, na ce da mai keke ya tsaya. Na miƙa masa kuɗinsa ban dubi kujerar ba, ban kuma dubi 'yan matan ba.

Inda na sauka babu nisa da shagon Madam. 'Yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da yadi, mun yi maƙwabtaka da ita shekara da shekaru a Tudun Wada kafin mu tashi, 'ya'yanmu a tsakar gida ɗaya suka yi rarrafe. Tana ganina ta sallami mai ciniki, ta ja hannuna zuwa ɗan ɗakin da take ajiye kaya a baya. Ta ba ni ruwa a buta da sabon zani, ta juya mini baya har na gama. Sannan ta zauna a kan dilar yadi ta dube ni.

"Malama, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Madam? Rami muka faɗa."

"Kar ki yi mini haka. Na ga saukowarki daga keke, ƙafa a buɗe kamar wadda ta haihu jiya. Abu yana saukowa, ko?"

Sai kawai na fashe da kuka. Na gaya mata duka, har da Goggo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ma ta yi irinsa, mahaifarta ce ta sauko, kuma shekararta huɗu da zobe a jikinta.

"Wane irin zobe?"

"Na roba. Likita ke sa shi a ciki ya tare mahaifa. Yanzu haka da nake miki magana yana nan. Da shi nake zuwa coci, da shi nake rawa."

Na dube ta sama da ƙasa. Matar da nake gani kullum tana hawa benci tana sauko da yadi. Amma a raina na ce nata daban, nawa daban. Ita ba ta da Goggo.

Ba ta ba ni zaɓi ba. Ranar Talata ta rufe shagonta ta zo har gida ta ɗauke ni. Na ce da Malam za mu dubiya ne. Muka je ɓangaren mata na wani babban asibiti, muka yanki kati, muka zauna a benci tun ƙarfe takwas. Duk wadda aka kira ta shiga sai in bi fuskarta da kallo in ta fito, ko zan gane me ake gaya musu a ciki. Sau biyu na miƙe na ce zan je in dawo, Madam ta danne mini gwiwa. Addu'ata ɗaya, kada in tarar da namiji.

Likitar mace ce, sa'ar 'ya'yana, da tabarau da ɗan ƙaramin hijabi. Ta yi mini tambayoyi, na amsa ina kallon ƙasa. Ta ce in hau gado in buɗe ƙafa.

"Mama, yi tari," in ji ta.

Na yi ɗan ƙarami.

"Da ƙarfi, Mama."

Na yi da ƙarfi, fitsari ya fita ya jiƙa mata safar hannu da ledar gadon. Na rufe fuskata da mayafi.

"Babu komai," ta ce. "Abin da nake son in gani ke nan."

Da na sauko ta juya wata takarda ta zana mini mahaifa da mafitsara, da tsokokin da ke riƙe da su daga ƙasa. Ta ce haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi da shekaru ne suka sa tsokokin suka saki, mahaifar ta zazzago ta jawo mafitsara.

"Likita, gaya mini gaskiya. Daji ne?"

"Abin da kika taɓa ba ƙari ba ne, bakin mahaifarki ne da kansa. Amma na shafo kaɗan daga wurin za a gwada, don mu tabbata. In kin dawo za ki ji sakamako."

Kunnena bai riƙe farkon maganar ba, ƙarshenta kawai ya riƙe. Tunda za a gwada, ashe tana zargin wani abu.

Ta ce akwai aiki, wato tiyata, akwai kuma zobe, da motsa tsokokin wurin da nas za ta koya mini. Da na ji tiyata na ce zoben. Ta buɗe wata leda ta nuna mini shi. Fari ne, mai lanƙwasuwa, kamar awarwaron ƙaramar yarinya, da ɗan ƙulli a gefe ɗaya wanda ta ce shi zai tokare hanyar fitsari.

"To in ya wuce ciki fa? In ya hau sama ya shiga hanji?"

Ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce babu hanyar da zai bi, wurin a rufe yake daga sama. Ta shafa masa wani mai, ta naɗe shi biyu, ta ce in ja numfashi. Na ji matsi, ban ji zafi ba. Ta ce in fita in zaga baranda, in je in yi fitsari, in dawo. Ina tsugunawa a banɗakin asibitin zoben ya faɗo ƙasa ya gangara. Na tsaya ina kallonsa. Na ce shi ke nan, jikina ya lalace har zobe ba ya zama. Na naɗe shi a takarda na koma ina hawaye. Likitar ta ce wannan ya yi ƙanƙanta ne kawai, ta sa wanda ya fi shi girma. Shi ya zauna. Ta rubuta mini a kati in dawo bayan wata uku a cire shi a wanke, a duba wurin.

Makon farko ban yarda da shi ba ko kaɗan. In zan shiga banɗaki sai in tare wurin da hannu. Ban ɗaga ko tukunya ba. In na zauna sai in saurari jikina, in ji ko yana motsi. Na je wurin malamarmu ta Islamiyya na ce wata ƙawata ce aka sa wa irin wannan abu, ko sallarta ta yi? Ta ce magani ne, ƙawar taki ta yi sallarta. Ta kuma ce in gaya wa ƙawar tawa sun yi kewarta a aji.

Sannu a hankali na ga canji. Na wuni a makaranta na dawo da ƙunzugu a bushe. Nauyin nan na ƙasa ya tafi. Na shanye gorar ruwa a gaban ɗalibai. Na yi Azahar da La'asar da alwala ɗaya, na zauna a kan dardumar na daɗe ban tashi ba.

Wata uku suka cika, ban koma ba. Na ce da kaina jarrabawa ake yi, sai an yi hutu. Aka yi hutu, na ce sai bayan bikin 'yar ƙanena. Madam ta kira ni a waya ta tambaya, na ce na je. Gaskiyar ita ce, sakamakon gwajin nan yana can yana jirana, ni kuwa na samu lafiyar da nake so, ba na son wata takarda ta ƙwace mini ita. Ina kuma tsoron in an cire zoben a ce ba za a mayar ba. Haka na kai wata bakwai.

Sai wani ruwa ya fara fito mini, mai ɗan wari. Na ƙara wanka, na ƙara turare. Wata Juma'a da safe ina shirin makaranta na ga jini a zanina. Ba yawa, kamar an ɗiga jan tawada sau uku. Na kai zanin hancina, na ji warin da na sani tun ina amarya a ɗakin Goggo. Ko shi ne, ko hancina ne ya ƙirƙiro shi, har yau ban sani ba. Na sa yatsa in nemo zoben in cire, ban same shi ba. Na sake, na tsuguna, na ɗaga ƙafa, babu. Gumi ya rufe ni. Na manta da duk abin da likita ta ce. Na tabbata ya huda wani wuri ya shige.

Malam yana tsakar gida a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana jin rediyo. Na fito da ɗaurin ƙirji na durƙusa a gabansa, abin da na daɗe ban yi ba.

"Malam, ina da magana."

Ya kashe rediyon. Na fara daga ɗigon fitsari, na bi ta kan ƙwan kazar, da keke, da Madam, da zobe, har zuwa jinin da ke zanina. Ban ɗaga kai ba har na gama.

"Shekara guda da wani abu," ya ce. "Muna gida ɗaya."

"Kunya nake ji."

"Ni kuwa ina nan ina ta lissafin laifin da na yi miki. Na ɗauka kin gaji da ni ne." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Sa kayanki."

Muka je asibitin a ranar. Wata nas ta duba ni, ta ce zoben yana nan inda yake, ya ɗan matsa sama ne, jinin kuma bai kai na gaggawa ba. Amma likitar da ke ganin masu irin matsalata sai Talata. Kwana huɗun nan ban ci abin kirki ba. Na kira 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya na ce gaisuwa ce kawai. Na buɗe akwatina na ware zannuwa, ina raya wa zai ɗauki wanne. Malam ya shigo ya gan ni a tsakiyar kaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya fita. Da rana ya dawo da kindirmo a kwano ya ajiye a gabana, ya zauna sai da na sha.

Ranar Talata likitar ta duba katina ta dube ni ta saman tabarau.

"Mama, wata uku na ce."

Cire shi ya yi zafi, na damƙe ƙarfen gado na kira sunan Allah. Ta haska fitila ta daɗe tana dubawa. Ta ce zoben ya goge fatar wurin ya yi gyambo, domin bayan ɗaukewar al'ada fatar takan yi siriri ta bushe, ga shi ya daɗe ba a cire an wanke ba. Daga nan ruwan da jinin suke fitowa, a ganinta. Sannan ta zaro wata takarda daga fayil ɗina.

"Wannan gwajinki ne na farko. Lafiya lau yake. Tun makonni kaɗan bayan zuwanki yake nan a ajiye."

Na fara yi mata godiya. Amma ba ta gama ba. Ta ce jini bayan ɗaukewar al'ada ba a yi masa zato, sai an yi hoton ciki, an kuma ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifa an gwada. Zoben kuma ba zai koma ba sai gyambon ya warke.

Mako uku na yi babu zobe. Komai ya dawo, nauyin, da ƙunzugu, da zaman gefen kujera. Na ɗauki hutun rashin lafiya. Ina shafa maganin da ta ba ni, ina jiran sakamako. Madam ta zo ta yi mini faɗa a kan ƙaryar da na yi mata, sannan ta zauna ta taya ni tsince shinkafa. In waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi, ko da na san ba ta waya za a gaya mini ba.

Ranar karɓar sakamako Malam ya shiga tare da ni, ya tsaya a bayan kujerata. Likitar ta karanta ta ce babu daji. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Malam ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har nas ta leƙo.

Aka mayar da zoben. Wannan karon nas ta koya mini cire shi da kaina: in ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera 'yar tsugunno, in sa yatsa in laƙato gefensa, in jawo a hankali, in wanke da ruwa da sabulu mara ƙamshi, in naɗe shi biyu in mayar. A gabanta sau biyar na gwada kafin na iya, tana cewa, "Saki jikinki, Hajiya, naki ne." Yanzu duk mako nake yi, kuma ranar asibiti ba ta wuce ni.

Shekara uku ke nan. Ina koyarwa, ina zuwa Islamiyya, ina hawa keke. Amma ba zan ce tsoron ya tafi ba. Duk lokacin da na cire zoben sai na kai shi wurin haske na duba ko da jini. Likitar ta ce wasu suna zama da shi har ƙarshen rayuwa, wasu kuma wata rana sai an yi aikin, kuma ba ta san a wane ɓangare nake ba.

Ga kuma wani sabon abu. Yatsuna sun fara ƙagewa da sanyin ƙashi, musamman na hannun dama. Watan jiya sai da na yi kusan rabin awa a banɗaki kafin na iya laƙato shi, har Malam ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar da yatsun suka ƙi gaba ɗaya, dole wani ya san abin da ke jikina ban da shi da Madam, ya san ranar asibiti, ya kai ni ko da ni na manta. Babbar 'yata tana aure a Kaltungo, za ta zo da yaranta in an yi hutu. Na yi niyyar in zaunar da ita in gaya mata. Ta haifi biyar, tana kuma ɗaukar jarkar ruwa a ka. Na gwada jimlar farko a raina sau da yawa, har yanzu ban samu wadda zan iya faɗa ina kallon idonta ba.